Ƙiba da Aikin Zuciya ga Mai Juna Biyu

Ranar da kika zo awon farko, kafin ki shiga wurin likita, malamar jinya za ta ɗora ki a kan sikeli, ta auna tsayinki, sannan ta ɗaura miki abin awon jini a dantse. Wasu matan sukan kau da kai daga sikelin don kunya, wasu kuma su yi dariya su ce ai hutu ne. A wurinmu dai ƙiba ba abin zargi ba ce. Idan amarya ta murmure bayan 'yan watanni, dangi yaba wa ango suke yi, su ce ya iya kiwo. Mu ma ba mu rubuta wannan bayani don mu kushe halittar kowa ba. Dalilinmu shi ne akwai wata gaɓa a jikinki wadda ke ɗaukar wannan nauyi dare da rana ba tare da kin ji ƙorafinta ba, kuma yanzu ga ciki ya zo ya ƙara mata aiki. Wannan gaɓa ita ce zuciya.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Saboda haka idan malamar jinya ta ce da ke kina cikin wannan sahu, ba ke kaɗai ba ce.

Wace ce mai ƙiba a lissafin asibiti?

Ido ba ya isa a yanke hukunci, domin kilo 80 a jikin doguwa daban yake da kilo 80 a jikin gajera. Abin da muke yi shi ne mu ninka tsayinki da kansa, sannan mu raba nauyinki da abin da ya fito. Misali, mace mai tsayin mita 1.6 da nauyin kilo 80: idan aka ninka 1.6 sau 1.6 za a sami 2.56, idan aka raba 80 da 2.56 kuma za a sami 31 da 'yan kai. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya ɗara kima, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce. Ke nan mace mai wannan tsayi ta shiga sahun masu ƙiba tun daga wajen kilo 77.

Amma wannan lissafi da nauyin kafin ciki ake yin sa, ko na watannin farko. Idan kika bari sai wata na bakwai kika zo, nauyin jariri da ruwa da jini sun riga sun gauraya da naki, ba za a iya tantancewa sosai ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kullum muke roƙo a fara awo kafin ciki ya cika wata uku.

Abin da zuciya ke yi, da abin da ƙiba ke ɗora mata

Zuciya tsoka ce, girmanta bai fi dunƙulen hannunki da yawa ba. Tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu don ya ɗauko iskar oksijin, ɓangaren hagu kuma yana tura shi zuwa dukkan jiki, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Idan babban mutum yana zaune yana hutawa, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, tana fitar da jini wajen lita 5 a cikin wannan mintin. A kwana ɗaya bugun yakan kai kusan 100,000.

Mutane da yawa suna ɗaukar kitse kamar kaya ne kawai da aka ɗora wa jiki. Ba haka ba ne. Kitse rayayye ne, yana da ƙananan jijiyoyin jini a cikinsa, yana bukatar abinci da iska kamar kowace gaɓa. Haka nan tsokar ƙafa da ta baya sukan ƙaru don su iya ɗaukar nauyin, su ma da tasu bukatar. Sai jiki ya ƙara yawan jini, zuciya kuma ta ƙara yawan abin da take turawa a kowane bugu. Ki ɗauka injin ban-ruwa ne aka saya don 'yar fadama, sai mai gona ya riƙa faɗaɗa gonar shekara bayan shekara, injin kuwa shi ne dai na jiya. Ruwa zai ci gaba da zuwa, amma injin ba ya samun sararawa.

Tsokar da ke aiki fiye da kima takan yi kauri. A dantsen maƙeri wannan abin sha'awa ne, a bangon zuciya kuwa ba alheri ba ne. Idan bangon ɗakin hagu na ƙasa ya yi kauri, sai ya rage laushi. Aikin zuciya kashi biyu ne: ta saki jiki jini ya cika ta, sannan ta matse ta tura shi. Wanda ya taɓa ganin salkar da ta bushe ya san ba ta ɗaukar ruwa sosai sai ta jiƙa ta yi laushi. To, haka zuciyar da ta ƙage take, matsewa ba ta gagare ta ba, cika ce ke yi mata wuya. Idan jini bai samu shiga da sauƙi ba sai ya taru a baya, wato a jijiyoyin huhu, a nan ne haki ke farawa.

Wannan ne ya sa wani lokaci a yi wa mai ƙiba hoton zuciya, a ce ƙarfin turawarta daidai yake, tana fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke ɗakin a kowane bugu kamar ta kowa, amma ita ta san hawa bene ɗaya ma sai ta tsaya a tsakiya. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma lalaci ba ne. A zaune zuciyar tana biyan bukata, sai an tashi aiki ne gazawar ke fitowa.

Bayan wannan, ƙiba takan zo da abokan tafiya: hawan jini, wanda ke sa zuciya tura jini cikin jijiyoyin da suka matse, da ciwon suga, da kuma minshari mai ɗauke numfashi. Wannan na ƙarshe ke ba za ki sani ba, maigida ne zai sani. Idan ya lura kina minshari mai ƙarfi, sai ki yi shiru kamar numfashi ya tsaya, sannan ki ja shi da ƙarfi, ya kamata a gaya wa likita, domin duk lokacin da hakan ta faru iska tana raguwa a jini, awon jini kuma yana hawa.

A garin Framingham na ƙasar Amurka akwai wani dogon bincike da aka fara tun 1948, ana bin lafiyar zuciyar mutanen garin da ta 'ya'yansu. A 2002 masu binciken suka bayyana cewa haɗarin gazawar zuciya ga masu ƙiba ya ninka na masu matsakaicin nauyi, kuma duk ƙarin lamba ɗaya a wancan lissafi na nauyi da tsayi yana ƙara haɗarin da kashi 7 cikin 100 ga mata.

Sai ciki ya zo

Ko ga mace siririya mai cikakkiyar lafiya, ciki babban aiki ne ga zuciya. Jinin jikinki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Bugun zuciya yana ƙaruwa da 10 zuwa 20 a minti. Jinin da take turawa a minti yana ƙaruwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100, wato daga wajen lita 5 zuwa 7. A watan ƙarshe, mahaifa kaɗai tana karɓar fiye da rabin lita a kowane minti. Ga kuma ciki ya tokare huhu daga ƙasa, idan da tumbi a da, wurin numfashi ya ƙara ƙanƙancewa.

Ranar naƙuda aikin ya fi na kullum. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, takan matso jini mai yawa ya koma zuciya a lokaci guda. Da zarar an haihu kuma, jinin da ke zagaya mahaifa sai ya dawo cikin jiki gaba ɗaya, shi ya sa sa'o'in farko da kwanakin farko na jego suke cikin lokuta mafi nauyi ga zuciya. Allah Ya halicci zuciya da rarar ƙarfi don irin wannan rana. Matsalar mai ƙiba ita ce ta riga ta fara cin wannan rarar tun kafin ta ɗauki ciki. Shi ya sa hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, da ciwon sugan ciki, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, da haihuwa ta hanyar tiyata, duk sun fi yawa a wurin masu ƙiba. Mun ce sun fi yawa, ba mu ce dole ba ne. Masu ƙiba da yawa suna sauka lafiya, musamman waɗanda suka riƙe awo.

Nauyi ɗaya, juriya daban

Ga abin da ya fi muhimmanci a wannan bayani. A ce ga mata biyu, tsayinsu ɗaya, kowacce kilo 90. Ta farko tana tafiya makarantar da take koyarwa da ƙafa, tana share tsakar gida, tana zuwa unguwa ba tare da neman abin hawa ba. Ta biyu daga kan gado sai kujera, yara ne ke miƙo mata komai. Sikeli zai ce su ɗaya ne. Zuciyoyinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Abin da ya raba su shi muke kira juriya, wato iyawar zuciya da huhu da jijiyoyi da tsoka su haɗa kai su kai iska inda ake bukata yayin da jiki ke aiki. Ana iya auna ta. A manyan asibitoci akan sa mutum ya yi tafiya a kan na'ura ko ya tuƙa keken da ba ya motsi, a riƙa ƙara masa wuya ana auna iskar da jikinsa ke amfani da ita. Akwai kuma hanya mai sauƙi, a auna nisan da mutum zai iya takawa cikin minti shida.

Masu bincike a Cibiyar Cooper da ke Dallas a Amurka sun bi maza fiye da 25,000 shekaru da dama bayan sun auna juriyarsu. A 1999 suka bayyana cewa rashin juriya shi kansa babban haɗari ne, ga siriri da mai ƙiba baki ɗaya. A 2014 aka tattara irin waɗannan bincike wuri guda, maza da mata, sai aka ga cewa marasa juriya haɗarin mutuwarsu ya kai ninki biyu na masu juriya ko da wane irin nauyi gare su, masu ƙiba da ke da juriya kuwa sun yi kusa da masu matsakaicin nauyi da ke da juriya.

Me ya sa? Idan kina motsa jiki a kai a kai, zuciya tana koyon cika sosai da turawa sosai, sai ta yi aikin da bugu kaɗan maimakon da yawa. Jijiyoyin jini suna ƙara laushi su buɗe, awon jini ya ɗan sauka. Tsokar ƙafa tana ƙara ƙwarewa wajen zuƙar iska daga jini, sai ta rage damun zuciya. Kuma tsokar da ke aiki tana shan suga daga jini. Duk wannan yana faruwa ko da sikeli bai motsa ba, shi ya sa muke cewa kada ki yanke ƙauna don kin yi wata guda kina tafiya nauyi bai ragu ba. Ribar tana ciki, inda ido ba ya gani.

Har waɗanda zuciyarsu ta riga ta ƙage an ga amfanin. A wani gwaji da aka wallafa a 2016 a Amurka, an ɗauki dattawa 100 masu ƙiba da irin wannan ciwo, akasarinsu mata. Bayan mako 20, waɗanda suka yi motsa jiki juriyarsu ta ƙaru, waɗanda suka rage abinci ma haka, waɗanda suka haɗa biyun kuwa suka fi kowa. Ga masu ciki kuma, an yi gwaji a birnin Beijing na ƙasar Sin, aka wallafa a 2017. Mata 300 masu nauyin da ya wuce kima aka raba gida biyu tun farkon ciki. Rabi suna tuƙa keken motsa jiki na aƙalla minti 30 sau uku a mako, rabi ba sa yi. Cikin masu motsa jikin kashi 22 cikin 100 ne suka sami ciwon sugan ciki, cikin sauran kuwa wajen kashi 41.

Amma kada a ɗauki wannan a ce ƙiba ba komai ba ce muddin ana tafiya. Wani bincike na 2021 a kan ma'aikata fiye da 500,000 a ƙasar Sifen ya nuna masu ƙiba, ko suna motsa jiki, sun fi masu matsakaicin nauyi kamuwa da hawan jini da ciwon suga. Motsa jiki yana rage haɗari ƙwarai, ba ya share shi duka. Rage nauyi na nan da muhimmancinsa, sai dai lokacinsa kafin ciki ne ko bayan haihuwa. A lokacin ciki, abin da ke hannunki shi ne juriya.

Yadda za ki yi

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce mai ciki da mai jego da ba su da wata matsala su sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wato minti 30 a rana, kwana biyar. Idan ba ki saba ba, kada ki fara da haka. Fara da minti 10, ki yi kwana uku ko huɗu a haka, sannan ki riƙa ƙara minti biyar-biyar. Ba dole ba ne kuma a yi shi a zama ɗaya, goma da safe, goma da yamma, goma bayan cin abincin dare duk lissafi ɗaya ne. Tafiyar bayan cin abinci ma tana da ƙarin amfani wajen saukar da suga.

Tafiya ita ce mafi sauƙi, ba ta bukatar kuɗi ko kayan aiki. Mun san da yawa daga cikinku ba ku fita sai da dalili. Tsakar gida ta isa. Ki zagaya daga ƙofar ɗaki zuwa zaure ki dawo, kina duba agogo. Idan da abokiyar zama ko facala ko maƙwabciya mai ciki, ku yi tare, hira tana rage nisa. Shara da wanki da shanya su ma motsi ne, amma tsintar shinkafa ko yankan kuɓewa a zaune, duk da gajiyar da ke ciki, ba ya sa zuciya aiki.

Ta yaya za ki san kin yi daidai? Ki gwada da magana. Idan kina tafiya jikinki ya yi ɗumi, numfashi ya ɗan ƙaru, amma kina iya hira, to, kin dace. Idan ba ki iya haɗa kalma uku ba tare da tsayawa ba, kin wuce gona da iri, sassauta. Ki zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar, musamman a watannin bazara, ki sha ruwa kafin ki fara da bayan kin gama, ki sa takalmi shimfiɗaɗɗe. Idan ciki ya wuce wata biyar, ki guji daɗewa a kwance rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Daga wata na bakwai kuwa, barci a gefe ya fi.

Akwai waɗanda bai kamata su fara ba sai likita ya amince: mai zubar jini, wadda faya ta fashe mata kafin lokaci, wadda aka ɗinke wa bakin mahaifa, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta tare hanya, mai hawan jinin ciki, mai ƙarancin jini sosai, mai ɗauke da tagwaye, da wadda dama an san tana da ciwon zuciya. Kowace mace kuma, idan tana cikin tafiya ta ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko mara ta riƙa murɗawa a kai a kai, ko ta ga jini ko ruwa, ta tsaya ta taho asibiti.

Abinci, gishiri da sha-ka-fashe

Ba ma so mai ciki ta ƙuntata wa kanta abinci don ta rame, wannan cutar da jariri ne. Abin da ake nema shi ne kada ƙarin ya yi yawa. A ƙa'idar 2009 da asibitoci da yawa ke bi, mai matsakaicin nauyi za ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon ciki, wadda nauyinta ya ɗara kima kilo 7 zuwa 11.5, mai ƙiba kuwa kilo 5 zuwa 9 kacal. Zancen a ci na mutum biyu ba shi da tushe. A watanni ukun farko jiki ba ya bukatar ƙarin abinci, bayan nan ma ƙarin kaɗan ne.

Tuwo ba laifi ba ne, girman malmalar ne abin dubawa. A rage ta, a yawaita miyar ganye, zogale, rama, alayyafo, da wake, ƙwai, kifi da nono. Inda nauyi ke shigowa a ɓoye shi ne lemon kwalba, shayi mai suga cokali huɗu, fura ko kunun da aka cika wa suga, da soye-soye irin su fanke da cincin. Gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciya kaya. Ƙa'ida ita ce ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ki tuna dunƙulen ɗanɗano akasarinsa gishiri ne.

Dole mu yi magana a kan maganin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, wanda ake kira sha-ka-fashe. Yawancinsa yana ɗauke da wani magani mai ƙarfi wanda likitoci ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman. Ƙibar da yake sawa wani ɓangarenta ruwa ne, yana kumbura fuska, yana hawar da jini, yana tayar da suga. Idan kin daɗe kina sha, kada ki ɓoye mana kuma kada ki daina rana ɗaya da kanki, domin yanke shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin. Ki zo da kwalin, likita zai nuna miki yadda za a janye shi sannu a hankali. Haka nan idan kina shan maganin hawan jini tun kafin ciki, ki kawo shi a gani, akwai irin su lisinopril da ba su dace da mai ciki ba, sai a canja miki.

Hakin ciki ne ko na zuciya?

A nan ne ƙiba ke yin ɓarna ta biyu, domin tana ɓoye alamomi. Mai ƙiba ta saba da haki, mai ciki ta saba da kumburin ƙafa, sai kowa a gida ya ce ai jiki ne da ciki. Gaskiya ne ɗan haki yayin aiki da kumburin idon sawu da yamma wanda ke saɓewa kafin safiya abu ne da aka saba gani. Amma idan kina haki kina zaune, ko ba ki iya kwanciya sai kin tara matasai, ko kina farkawa tsakar dare kamar an shaƙe ki, ko tari ya dame ki da zarar kin kwanta, wannan ba na ciki ba ne. Haka kumburin da ya hau har cinya ko fuska da hannuwa, da faɗuwar gaba mai daɗewa, da suma. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama alamun hawan jinin ciki ne, jijjiga na iya biyo baya. Ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi ita kaɗai kuwa tana iya zama daskararren jini. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya jiran ranar awo. Awon jini 140 bisa 90 ko sama da haka shi ma ba a zama da shi a gida. Idan dantsenki mai kauri ne, ki tunatar da malamar jinya ta yi amfani da babban maɗauri, domin ƙarami yana nuna lamba sama da gaskiya.

Ƙarancin jini yana sa zuciya gudu don ta cike giɓi, saboda haka ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro duk kariya ce ga zuciya. Mai ƙiba ma tana iya samun ƙarancin jini, jiki ba ya nuna shi. Za a kuma yi miki gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28, wani lokaci tun kafin nan.

Jego

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni biyar bayan haihuwa, inda tsokar zuciya ke yin rauni ta kasa turawa. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi bayaninsa a Zariya a shekarun 1970, inda aka ƙiyasta mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Wani bincike a Sakkwato a 2007 ya sami ɗaya cikin 102. Likitocin Zariya sun ɗora alhakin a kan wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da kunun kanwa. Amma babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, bai ga waɗannan al'adu su ne sanadi ba. Abin da ya gani shi ne rama, rashin karatu, rashin aikin yi, da tarihin hawan jinin ciki. Ke nan siririya ma ba ta tsira ba, mai ƙiba kuma hanyarta zuwa wannan haɗari ita ce hawan jinin ciki.

Duk da haka, kanwa danginsu ɗaya da gishiri wajen riƙe ruwa a jiki. Ga matar da ta yi hawan jini, ko ta kumbura, ko take haki, kunun kanwa safe da yamma har kwana arba'in kaya ne da zuciyarta ba ta bukata. Iyaye da surukai masu kula da jego, muna roƙonku, a dama kunun ba kanwa, a sassauta zafin ruwan wanka. Idan mai jego ta fara kumbura bayan haihuwa maimakon ta saɓe, ko ta kasa kwanciya, ko tari ya hana ta barci, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. A kawo ta a ranar. Da magani, zuciyar mata da yawa tana farfaɗowa, amma wadda aka samu da wannan ciwo kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ta ya yi mata hoto.

Maigida, kai ma da naka. Mai ƙiba a asibiti ya kamata ta haihu, inda akwai jini da ɗakin tiyata da likitan sa barci, don haka a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini tun ciki na wata bakwai. Ka ba ta dama ta yi tafiyarta, in da hali ka taka mata bayan sallar isha'i, zuciyarka ma za ta amfana. Bayan haihuwa, ta tashi ta ɗan taka a cikin ɗaki tun ranar farko ko ta biyu idan ungozoma ta yarda, domin doguwar kwanciya ita ke kawo daskarewar jini. Idan ta cika mako shida a dawo da ita a sake auna jini da nauyi, da suga idan ta yi ciwon sugan ciki, a kuma tattauna tazarar haihuwa, domin a wannan tazarar ce za ta sami damar rage nauyi kafin wani cikin. A zo da katin awo da duk magungunan da take sha, har da na gargajiya.